Godiya cikin Yaƙi da Annoba: Tarihin Martin Rinkart da Waƙarsa

Ranar 8 ga watan Disamba na shekara ta 1649, wani limamin Kirista ɗan shekara 63 ya rasu a Eilenburg, ƙaramin gari mai ganuwa da ke bakin kogin Mulde, cikin ƙasar Saksoniya ta Jamus. Sunansa Martin Rinkart. Shekara 32 ya yi yana limanci a wannan gari, kuma 30 daga cikinsu a cikin yaƙi ya yi su. Sojoji sun sha sauka a gidansa suna cinye abin da ya tanada, annoba ta ɗauke matarsa da dubban maƙwabtansa, yunwa ta bar shi da bashi, daga ƙarshe kuma hukumar garin da ya yi wa hidima ta juya masa baya. Duk da haka, abin da duniya ta riƙe daga gare shi ƴar gajeruwar waƙa ce mai baiti 3, wadda ke kiran jama'a su gode wa Allah. Jamusawa suna kiran ta Nun danket alle Gott, kuma har yau ana rera ta a majami'u cikin harsuna masu yawa.

Mai karatu yana iya tambaya: wace irin godiya ce za ta fito daga bakin mutumin da ya ga irin wannan masifa? Rufe ido ne ga gaskiya, ko kuwa dabara ce ta sa talaka ya yi shiru a kan abin da ke cin sa? Tambayar tana da nauyi, domin tarihi ya nuna cewa an yi amfani da wannan waƙa ta hanyoyi biyu waɗanda suka yi hannun riga da juna. Bin sawun mawaƙin da na waƙarsa zai bayyana abin da Kiristoci ke nufi da godiya, da yadda suke aikata ta, da kuma yadda masu mulki kan karkatar da ita zuwa ga bukatunsu.

Tushen godiya a addinin Kirista

Babbar ibadar Kiristoci, wadda masu magana da Hausa daga cikinsu ke kira Jibin Ubangiji, sunanta na asali a harshen Girka shi ne eucharistia, ma'anarsa kuwa godiya. Daga nan Faransanci ya samo kalmar eucharistie. Wajen shekara ta 150, wani malami mai suna Justin, wanda daga baya aka kashe a Roma saboda imaninsa, ya rubuta wa sarkin Rum bayanin yadda Kiristoci ke taruwa ranar Lahadi. Ya nuna cewa bayan karatu da wa'azi, shugaban taro yakan yi addu'ar godiya a kan gurasa da ruwan inabi, sa'an nan masu hali su ba da abin da ya sawwaƙa, a tara shi domin marayu, da matan da mazansu suka mutu, da marasa lafiya, da ƴan kurkuku, da baƙi. Ke nan tun a ƙarni na 2, godiyar baki da buɗe hannu a zama ɗaya ake yin su.

Littafi Mai Tsarki kansa ya haɗa godiya ga Allah da godiya ga mutane. Linjila ta Luka, a sura ta 17, ta kawo labarin kutare 10 da Yesu Almasihu ya warkar, amma guda ɗaya tak ya komo ya gode, shi ma Basamariye ne, wato ɗan ƙabilar da Yahudawan lokacin ke ƙyama. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta farko zuwa ga mutanen Tasalonika, ya umarce su da yin godiya ko a wane hali suka sami kansu. Wasiƙarsa zuwa ga mutanen Filibi kuwa daga kurkuku ya rubuta ta, ya kuma rufe ta da yi musu godiya saboda gudummawar da suka aiko masa. Malamai da dama sun fahimci wannan umarni da cewa ba a tilasta wa mutum ya kira masifa alheri ba. Abin da ake nema gare shi shi ne kada masifar ta mantar da shi alherin da ya riga ya samu.

A ƙarni na 16 batun ya ƙara samun muhimmanci. Martin Luther, wanda ya fara jayayya da shugabannin Katolika a 1517, ya koyar da cewa ceto kyauta ce daga Allah, ba a sayen sa da aiki. Nan take tambaya ta taso: in haka ne, me zai sa mutum ya wahalar da kansa da aikin alheri? A ɗan littafinsa na 1520 a kan ƴancin Kirista, Luther ya amsa da cewa wanda aka yi wa kyauta ba tare da ya biya ba, shi ma sai ya yi wa maƙwabcinsa hidima ba tare da jiran lada ba. Littafin tambaya da amsa na Heidelberg, wanda wani reshe na Furotesta ya fitar a 1563, ya kasu kashi 3: ɓacin halin ɗan Adam, da cetonsa, da godiyarsa, kuma a ƙarƙashin kashi na ukun ne aka sa Dokoki Goma da addu'a. Wato a wannan fahimta, kyakkyawan aiki duka godiya ce. Luther ya kuma shigar da abin cikin gida: ƙaramin littafinsa na koyar da yara na 1529 ya ɗora wa maigida nauyin koya wa ƴaƴansa da barorinsa addu'a kafin cin abinci da addu'ar godiya bayan an ƙare. Cikin irin wannan tarbiyya Rinkart ya tashi.

Ɗan mai haɗa ganguna

An haifi Martin Rinkart a Eilenburg cikin watan Afrilu na 1586. Mahaifinsa ma'aikacin hannu ne, sana'arsa haɗa gangunan katako da ake zuba giya da sauran kaya. Muryar yaron ce ta buɗe masa ƙofar ilimi. A 1601 aka karɓe shi a makarantar Saint Thomas ta Leipzig, birnin da ke da nisan kimanin kilomita 25 daga garinsu, inda ƴaƴan talakawa ke samun karatu da abinci, su kuma su biya da rera waƙa a majami'a da wajen jana'iza. Malamin kiɗan makarantar a lokacin shi ne Sethus Calvisius, kuma kujerar nan tasa ce Johann Sebastian Bach ya hau a 1723. A 1602 Rinkart ya shiga jami'ar Leipzig domin karatun addini.

Da ya ƙare, ya nemi aikin limanci a garinsu, aka hana shi. Sai ya tafi Eisleben, mahaifar Luther, a 1610, ya zama malamin makaranta kuma shugaban mawaƙan majami'a. A 1613 ya zama limamin ƙauyen Erdeborn. A waɗannan shekaru ya yi suna wajen tsara waƙoƙi da wasannin kwaikwayo a kan tarihin Luther. Sai a 1617 garinsu ya kira shi, aka ba shi muƙami na biyu cikin limaman majami'ar Saint Nicolas. Yana da shekara 31, yana da mata, yana da albashi. Bayan ƴan watanni yaƙi ya ɓarke.

Yaƙin shekara 30

Ranar 23 ga Mayu 1618, manyan Furotesta na ƙasar Bohemiya suka jefo wakilan sarkin daular Jamus, wanda ɗan Katolika ne, ta tagar fadar Prague. Rikicin ya fara da sunan addini, amma da tafiya ta yi nisa sai ya zama kokawar mulki tsakanin gidan sarautar Habsburg da Denmark, da Suwidin, da Faransa, ƙasar Jamus kuwa ta zama fagen. Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda suka mutu tsakanin miliyan 4 da rabi zuwa miliyan 8, kuma a wasu yankuna fiye da rabin jama'a suka ƙare.

Akasarin waɗannan mutane ba takobi ko harsashi ne ya kashe su ba. Rundunonin zamanin na sojojin haya ne, sarakunan da suka ɗauke su kuwa ba su da kuɗin biyan su, saboda haka dole ƙasar da runduna ta sauka ta ciyar da ita. Ana rarraba sojoji gidajen mutane, ana ɗora wa gari harajin yaƙi, in ya kasa biya a sa masa wuta. Sojoji sukan kwashe hatsi har da irin shuka, su kore dawaki da shanun noma. Manoma sai su gudu su shige garuruwa masu ganuwa, su cunkushe a rumfuna da zauruka, ga yunwa, ga ƙazanta, ga ɓeraye da ƙuma da ƙwarƙwata masu yaɗa cuta. Ta haka yaƙi ke haifar da yunwa, yunwa kuma ta share wa annoba hanya.

Saksoniya ta shiga tsaka mai wuya saboda siyasar sarkinta, Johann Georg na Ɗaya. A watan Mayu na 1631 sojojin daula suka ƙone birnin Magdeburg, mutum wajen dubu 20 suka halaka. Sarkin ya haɗa kai da Gustav Adolf na Suwidin, aka gwabza a Breitenfeld a 1631 da Lützen a 1632, duka a kewayen Leipzig. A 1635 kuma ya sauya sheƙa, ya sa hannu a kan sulhun Prague tare da sarkin daula. Mutanen Suwidin suka ɗauki wannan a matsayin cin amana. Ko da yake su da mutanen Saksoniya duk mabiya Luther ne, bayan nasararsu a Wittstock a 1636 suka afka wa ƙasar da ramuwar gayya. Talakan Eilenburg bai san hawa ba bai san sauka ba, amma a kansa aka sauke fushin.

Addu'ar bakin tebur

An daɗe ana ba da labari cewa Rinkart ya tsara waƙarsa ne domin murnar sulhun da ya kawo ƙarshen yaƙin a 1648. Labarin yana da daɗin ji, amma shekarun ba su goyi bayansa ba. Waƙar ta fito a wani ɗan littafinsa mai suna Jesu Hertz-Büchlein da aka buga a Leipzig a 1636, masana da dama ma suna ganin tun wajen 1630 aka tsara ta. A 1647, shekara guda kafin sulhun, Johann Crüger, shugaban mawaƙan wata majami'a a Berlin, ya sa ta cikin kundinsa na waƙoƙi, Praxis pietatis melica, tare da karin da ake rera ta da shi har yau. Bugun 1663 na littafin Rinkart kuwa ya sa mata kan magana da ke nuna cewa ƴar addu'a ce ta wajen cin abinci.

Wannan shi ne mabuɗin fahimtar waƙar. An yi ta domin maigida da uwargida da yara su rera a bakin tebur, a shekarun da ba a san ko gobe za a ɗora tukunya ba. Baitoci biyu na farko Rinkart ya gina su a kan ƙarshen sura ta 50 ta littafin Sirak, wanda wani malamin Yahudawa ya rubuta a Urushalima, wato birnin Ƙudus, wajen shekara 180 kafin haihuwar Almasihu. Baiti na farko waiwaye ne: yana tuna wa mutum alherin da aka yi masa tun yana jariri, kafin ya iya roƙon kome, ya kuma nuna cewa hannu yana da rabo cikin godiya kamar yadda baki da zuciya suke da shi. Baiti na biyu roƙo ne na kwanciyar rai da zaman lafiya da kuɓuta daga wahala. Na uku yabo ne irin wanda Kiristoci suka saba rufe Zabura da shi. Babu sunan abokin gaba a cikinta, babu ambaton nasara, babu kuma da'awar cewa wahala ta wuce. Mai roƙon zaman lafiya ya san bai same shi ba tukuna.

Masana harshe sun lura cewa a Jamusanci kalmar danken, godewa, da kalmar denken, tunani, tushensu ɗaya. Waƙar ta bi wannan hanya: ta mai da godiya aikin tunawa, wanda ake maimaitawa kullum har ya zama ɗabi'a, kamar yadda ake koya wa yaro gaisuwa tun bai san amfaninta ba. Shekara guda bayan fitowar littafin, aka gwada ko ɗabi'ar za ta ɗauki nauyi.

Shekarar annoba

A farkon 1637 rundunar Suwidin ƙarƙashin Johan Banér ta kafa sansani a Torgau, kusa da Eilenburg. Cikin watan Afrilu sojoji suka wawashe Wurzen, garin da ke maƙwabtaka da shi a bakin kogin Mulde, suka ƙone shi. Ƴan gudun hijira suka cika Eilenburg maƙil, annoba ta shigo tare da su. Marubutan tarihin garin sun kawo cewa mutum wajen dubu 8 suka mutu, ƴan gari da baƙi. Babban limamin garin ya fita bai komo da wuri ba, sauran abokan aikin Rinkart suka mutu, shi ya yi musu jana'iza, ya rage shi kaɗai. A ranakun da abin ya yi tsanani yakan yi wa gawa 40 zuwa 50 addu'a a yini guda, jimillar waɗanda ya raka kabari a wannan shekara ta haura dubu 4. Cikin watan Mayu matarsa Christine ta shiga cikinsu. Daga baya gawawwaki suka fi ƙarfin masu haƙa, aka koma binne su a manyan ramuka.

Tsayawar Rinkart tana da asali a koyarwar da ya gada. A 1527, lokacin da annoba ta shiga Wittenberg, Luther ya ƙi barin garin, ya kuma rubuta wasiƙa a kan ko ya halatta a guje wa annoba. Hukuncinsa shi ne wanda babu nauyin kowa a kansa yana iya tafiya, kuma wajibi ne a sha magani, a tsabtace gida, a guji cuɗanya marar dalili. Amma limami, da mai mulki, da duk wanda maƙwabcinsa ke bukatar sa, ba shi da izinin gudu. Ga mutumin da ya ɗauki ransa da lafiyarsa a matsayin kyautar da bai biya ba, hanyar godiya ita ce ya kashe su a kan waɗanda ke kwance. Rinkart ya shiga gidajen masu jinya, ya zauna da masu baƙin ciki, cutar kuwa ba ta kama shi ba.

Yunwa da harajin yaƙi

Annoba ta kashe manoma, sojoji sun cinye iri, saboda haka 1638 ta zo da yunwa. Masu rubuta tarihinsa sun ba da labarin mutane suna kokawa a titi a kan mushen kyanwa ko na hankaka. Mabarata suka yi dafifi a ƙofar gidan liman. Ya raba abin da ke gidansa har ƴaƴansa suka rasa isasshen abinci da sutura, ya kuma ci bashi a kan albashinsa na shekaru masu zuwa. Hausawa na cewa yunwa a ba ki a huta, amma wannan ta ƙi hutawa.

A 1639 wani hafsan rundunar Suwidin, Georg Derfflinger, ya tsaya a kan garin ya nemi taler dubu 30, ko a biya ko ya saki sojojinsa. Taler kuɗin azurfa ne, daga sunansa aka samo kalmar dollar, wadda ta zama dala a bakin Bahaushe, har ake ƙirga kuɗi da ita a kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Garin da ya binne dubban mutanensa ba shi da inda zai samo wannan dukiya. Rinkart ya fita zuwa sansanin ya roƙi sassauci, hafsan ya ƙi. Sai ya juya ga mutanen da suka biyo shi, ya ce musu tun da ba su sami jinƙai wajen ɗan Adam ba, su kai kukansu ga Allah. Suka durƙusa, ya yi addu'a, suka rera wata tsohuwar waƙar neman agaji ta Paul Eber. Hafsan ya sauko, abin da aka biya daga ƙarshe bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ya nema ba.

Wannan labari yana amsa tambayar da aka fara da ita. Mai waƙar godiya bai ce wa jama'arsa su yi shiru su biya ba. Ya je gaban mai bindiga ya yi jayayya a kan adadi, kuma waƙar da ya zaɓa a ranar ta kuka ce. A wajensa godiya ba ta hana kuka ba, ba ta kuma hana neman hakki ba. Abin da ta hana shi ne yanke ƙauna, domin mutumin da ya saba lissafa alherin jiya yana da dalilin tsammanin na gobe.

Sakayyar mutanen gari

Ana cewa yaba kyauta tukwici, amma Rinkart bai ga tukwici ba. Da ƙura ta fara lafawa, hukumar garin ta matsa masa da haraji a kan gidansa da kadarorinsa, aka shiga doguwar jayayya wadda ta cinye ƙarfinsa da ɗan abin da ya rage masa. Ana iya fahimtar halin da hukumar ke ciki, domin baitulmalin gari ya bushe, masu biyan haraji sun mutu, rundunoni kuma ba su daina nema ba. Duk da haka butulci ne, kuma ya nuna wani abu da labarin kutare 10 ya riga ya faɗa: samun alheri ya fi tunawa da shi sauƙi. Mutanen da ke rera waƙar godiya ga Allah ranar Lahadi sun kasa gode wa mutumin da ya tsara ta.

Saksoniya ta tsagaita wuta da Suwidin a 1645, aka sabunta yarjejeniyar a Eilenburg a 1646. Ranar 24 ga Oktoba 1648 aka sa hannu a kan sulhun Westfaliya a biranen Münster da Osnabrück. Rinkart ya ji labarin, amma bai ga cikarsa ba, domin sojojin Suwidin ba su bar Leipzig ba sai a 1650, shekarar da aka yi manyan bukukuwan godiya a faɗin ƙasar. Shi kuwa ya riga ya kwanta a cikin majami'ar da ya yi wa hidima.

Daga tebur zuwa fagen fama

Bayan rasuwarsa waƙar ta yi tafiyar da bai zata ba. Bach ya gina wata waƙar majami'a sukutum a kanta, Felix Mendelssohn ya sa ta cikin babban kiɗansa na yabo a 1840, Catherine Winkworth ta juya ta zuwa Turanci a 1858, daga nan ta bazu a Ingila da Amurka da duk inda masu wa'azin ƙasashen suka kai ƙafa.

Sai dai a Jamus ta sami wata ma'ana dabam. Ranar 5 ga Disamba 1757, a Leuthen, wanda yau yake cikin ƙasar Poland, rundunar Frederik na Biyu, sarkin Purusiya, ta karya ta Ostiriya wadda ta kusan ninka ta yawa. Da dare ya yi, sojojin da suka tsira suka rera waƙar Rinkart a filin da dubban gawawwaki da raunana ke kwance. Tun daga ranar aka laƙaba mata sunan waƙar Leuthen, ta zama ta bukukuwan nasara. Ranar 1 ga Agusta 1914 taron jama'a ya rera ta a gaban fadar sarki a Berlin da aka sanar da shirin yaƙi. A watan Fabrairu na 1933, ƴan kwanaki bayan hawan Hitler mulki, aka fitar da wani fim mai ɗauke da wannan suna, aka kuma rera waƙar a bikin Potsdam na 21 ga Maris, inda sabuwar gwamnati ta nemi albarkar tsohuwar sarauta.

Kalmomin ba su sauya ba, abin da ake godiya a kansa ne ya sauya. A teburin Rinkart ana gode wa Allah saboda rai da abinci, abubuwan da aboki da maƙiyi duk suke bukata. A Leuthen da Berlin ana gode masa saboda an fi wani ƙarfi, har godiyar ta zama hujjar cewa Allah ɗan ɓangare ne. Ta farko tana sa mutum ya ga kansa mai bashi, ta biyu tana sa ya ga kansa mai gaskiya. Yaƙin da irin wannan godiya ta biyu ta yi wa rakiya ya komo har gida: a watan Afrilu na 1945 igwa ta rushe akasarin tsakiyar Eilenburg, majami'ar Saint Nicolas ta ƙone.

Bayan shekara 10 waƙar ta komo kusa da asalinta. A watan Oktoba na 1955, sakamakon ziyarar da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Konrad Adenauer, ya kai Mosko, rukunin ƙarshe na fursunonin yaƙi, mutum wajen dubu 10, suka fara isowa sansanin Friedland daga Tarayyar Sobiyet. Su da iyalansu suka rera ta a tsaye, cikinsu har da matan da suka zo da hotunan mazajen da ba su sauko daga mota ba. A wannan rana babu nasarar da za a yi wa murna, sai rai da aka tsira da shi.

Kammalawa

Tarihin Rinkart ya nuna godiya a rayuwar Kirista ta fuskoki uku. Ɗabi'a ce da ake koyo a gida, a kan abu ƙarami kamar gurasar yini, tun kafin ranar gwaji ta zo. Bashi ce da ake ci wajen Allah a biya wajen mutane, da ƙafar da ke zuwa gidan mai jinya da hannun da ke buɗe rumbu. Kuma hakki ce da ɗan Adam ke bin ɗan'uwansa, wanda hukumar Eilenburg ta kasa biya. Inda aka raba ta da waɗannan, aka bar mata kari da taron jama'a kaɗai, takan koma kayan aikin mai mulki.

An sake gina majami'ar Saint Nicolas bayan yaƙin, kuma babbar makarantar sakandaren Eilenburg tana ɗauke da sunan Martin Rinkart. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Garin da ya matsa wa limaminsa da haraji ya gode masa daga baya, sai dai godiyar ta iso bayan mai ita ya daɗe a kabari.